TULUNAN TALAKAWAN AMURKA A KAN TAKARDA

A birnin Washinton, babban birnin ƙasar Amurka, akwai wani katafaren gida da a ke ajiye zane-zanen gwanayen duniya, sunansa National Gallery of Art. Baƙon da ya shiga zai ga hotunan sarakunan Turai da attajirai da matansu rataye a bango, kowane ɗaya kuɗinsa ya isa a gina unguwa. Amma can ciki, a ɗakunan ajiya inda hasken rana ba ya kaiwa, akwai waɗansu takardu fiye da 18,000 a jere cikin akwatuna, waɗanda abin da ke jikinsu ba ya wuce tarkacen gidan talaka: kujera, da bargo, da fitila, da cokali, da abin wasan yara, da tukwane. Tukwanen nan su na ke so mu duba yau, mu ga yadda aka yi har suka sami shiga gida ɗaya da sarakuna.

Ga misalin irin abin da za ku gani in an buɗe muku akwati. Farar takarda ce fes, ba tebur, ba bango, ba hannun mai riƙo. A tsakiyarta ga tulu guda mai launin toka, ƙirarsa kamar ƙwai, bakinsa ɗan ƙarami, da mariƙi ɗaya a wuya. A kafaɗarsa an buga sunan magini da na garinsu da hatimi tun yumɓu na ɗanye. Ƙarƙashin wannan ga lamba 2, ga kuma wani tsuntsu da aka zana da shuɗi, da gani kun san cikin gaggawa aka yi shi, don jelarsa ta fi jikinsa tsawo. Gefen baki ya ɗan ɓalgace. Wajen gindi akwai wani tabo ja-ja inda harshen wuta ya lasa. In kun tsura masa ido sai ku ji kamar ku miƙa hannu ku ɗauka, har ku na tsammanin za ku ji sanyinsa da nauyinsa. Alhali kuwa fentin ruwa ne kurum, irin wanda malami kan raba muku ran darasin zane, ku jiƙa da buroshi ku ɓata littafi da shi.

Tulun nan a zamaninsa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Matar manomi ce ta saya ta zuba ruwan tsami ko ruwan rake, ta tura shi lungun ɗakin ajiya, ba wanda ya sake kallonsa sau biyu. To, wane dalili ya sa Gwamnati ta ɗauki mutum ta biya shi, ya zauna mako da makonni ya na kwaikwayon wannan abu a takarda, har da ɓalgacewar bakinsa? Dalilan biyu ne, ɗaya yunwa, ɗaya kishi.

Bari mu fara da yunwar. Cikin watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Nuyok ta rushe, dukiyar mutane ta narke kamar gishiri a ruwa. Bankuna dubbai suka rufe da kuɗin jama'a a ciki, masana'antu suka sallami ma'aikata. Kafin 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. A wannan shekara Franklin Roosevelt ya hau mulki, ya ga cewa gara a ba mutum aiki a biya shi da a miƙa masa sadaka. A 1935 aka kafa wata babbar hukuma ta samar da aiki, aka ɗora Harry Hopkins a kanta, ta shiga gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Sai aka tuna da masu zane. Mai zane kuwa shi ne farkon wanda wahala ke kayarwa, gama ba mai sayen hoto da yunwa a cikinsa. Waɗansu suka yi ta gunaguni, wai ina ruwan Gwamnati da masu shafa fenti. An ce amsar da Hopkins ya bayar ita ce su ma ai su na cin abinci kamar kowa. Aka buɗe musu sashe nasu, aka ba Holger Cahill shugabancinsa, wani mutum haifaffen tsibirin Aisland wanda ya daɗe ya na sha'awar aikin hannun mutanen karkara. A Nuyok ladan mai zane a mako dala 23 ne da santi 86. Ba dukiya ba ce, amma ta kan biya haya ta sa tukunya a wuta.

Kishin kuma daga mata biyu ya fito. Ɗaya ita ce Romana Javitz, mai lura da tarin hotuna a babban ɗakin karatu na Nuyok. Ɗaya kuma Ruth Reeves, gwanar zana adon da a ke bugawa a yadi. Javitz ta lura kullum masu zane na zuwa wurinta su ce ta nuna musu adon gargajiya na Amurka su ɗauki darasi, ta duba ta rasa abin ba su. In na Faransa ne ko na Jamus ko na Italiya, ga littattafai nan jibge, gama mutanen Turai sun daɗe da tattara nasu. Har Amurkawa da kansu sun yarda da maganar da a ke yi musu cewa ba su da wata fasaha tasu, kome nasu aro ne daga hayin teku. Matan nan suka ce ƙarya ne, fasahar na nan, sai dai ta na ɓoye a rumbunan manoma da ɗakunan tsofaffi inda ba mai dubawa. Suka kawo shawara a aika masu zanen nan marasa aiki su bi ƙasa su nemo kayan su zana. Aka karɓi shawarar a ƙarshen 1935, aka sa wa aikin suna Index of American Design, watau fihirisar ƙira da adon kayan Amurka. Reeves ce ta fara riƙe ragamarsa.

Aikin ya bazu a jihohi fiye da 30, ɗaruruwan masu zane suka shiga. Aka iyakance musu abin da za su zana: kayan da aka yi da hannu a ƙasar tun saukar Turawa har wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kafin mai zane ya taɓa buroshi, sai masu bincike sun riga shi zuwa, sun shiga gidajen ajiye kayan tarihi da kantunan masu sayar da tsofaffin kaya da gidajen mutane, sun zaɓi abin da ya cancanta. Kowane zane kuma da takardar bayani tasa, a rubuta wane ne ya yi abin in an sani, a wane gari, wace shekara, da me aka yi shi, nawa ne tsawonsa da faɗinsa, hannun wa ya ke yanzu.

Yanzu sai mu koma ga tukwanen da kansu, don wanda bai san tukunya ba ba zai san daɗin hotonta ba. Iri biyu ne manya. Na farko su ne na jan yumɓu, irin wanda a ke samu kusan a bakin kowane rafi, shi ne kuma a ke yin jan bulo da shi. Wutarsa ba ta da wuya, zafin da bai wuce digiri 1,000 ba ya isa. Da yawa cikin maginan nan manoma ne, sai sun gama aikin gona su zauna ga faifan gini, su na juya shi da ƙafa, yumɓu na tashi tsakanin tafin hannunsu. A nan suka bambanta da maginanmu, waɗanda kan kifa tsohuwar tukunya su buga sabuwa a kanta, ko su riƙa ɗora yumɓu su na zagayawa. Ingila, wadda ke mulkinsu a lokacin, ba ta son su yi nisa a wannan sana'a, ta fi so su sayi nata. Har akwai wani magini a garin Yorktown mai suna William Rogers, wanda Gwamnan Bajiniya ya riƙa ambatarsa cikin rahotannin da ya ke aikawa Landan bayan 1730 a kan wani matalaucin magini ne da bai isa a damu da shi ba. Da masu haƙa suka tono wurin a ƙarni na 20, sai ga babbar masana'anta da tsingaro tuli. Ashe Gwamna rufa masa asiri ya ke yi.

Gwanayen jan yumɓu kuwa Jamusawan Fensilbaniya ne, waɗanda suka fara sauka can a 1683. Su na da dabara biyu ta ado. Ta yau da kullum ita ce a dama farin yumɓu ya yi ruwa kamar kunu, a zuba cikin wani ɗan kasko mai bututun gashin tsuntsu a baki, a riƙa tsiyayawa a kan faranti ya na yin layi-layi kamar tafiyar maciji. Ɗayar ta fi wuya. A kan shafe farantin duka da farin kunun nan, in ya sha iska sai a ɗauki tsinke a kankare zane a jiki, jan da ke ƙarƙashi ya bayyana. Sa'an nan a ɗiɗɗiga kore nan da can da ruwan tagulla. Da haka su ke fitar da furen da a ke kira tulib, da ɗawisu, da kurciya biyu baki da baki, da mahayin doki da takobi, a kewaye gefen farantin da rubutun Jamusanci, wani na wa'azi, wani na barkwanci a kan aure, a ƙarshe a sa shekara. Irin waɗannan ba a cika cin abinci a cikinsu ba, kyauta a kan yi da su, a jingine a kan kanta. An san sunayen waɗansu maginan, kamar Georg Hubener, wanda farantansa ke ɗauke da shekarun 1785 zuwa 1798, da David Spinner, wanda ya rasu a 1811. Masu zanen fihirisa na Fensilbaniya sun more wa waɗannan faranta ƙwarai, kuma ba mamaki, gama ja da rawaya da kore abin da fentin ruwa ya fi so ke nan.

Amma jan yumɓu na da aibi biyu. Ya na da saurin fashewa, kuma ya na tsatsar ruwa. Mu nan wannan tsatsa ita ce amfanin randa, don ita ke sanyaya ruwa. Su kuwa da ke son ajiye mai da madara da ruwan tsami, sai suka riƙa shafe cikin tukunya da wani haɗi mai dalma, wanda in ya sha wuta ya kan narke ya zama kamar gilashi. Kyau kam akwai shi, amma dafi ne. Duk abu mai tsami da ya kwana a ciki ya kan jawo dalmar ya shiga da ita cikin mai ci, maginan da ke shaƙar garinta kuma su suka fi kowa shan wuya. Tun kafin 1800 an fara yi wa mutane gargaɗi a jaridu. Wannan ya buɗe wa iri na biyu kasuwa.

Iri na biyu shi ne tulunmu mai launin toka. Yumɓunsa dabam ne, ya na jure wutar da ta wuce digiri 1,200, kuma in ya toyu ya kan yi tauri kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda a ke sa masa ƙyalli. Sa'ad da tanderu ya kai iyakar zafinsa, sai magini ya ɗebi gishiri, gishirin miya, ya watsa ciki. Nan take gishirin ya zama tururi ya cika tanderu, sinadarin da ke cikinsa ya haɗu da na rairayin da ke jikin yumɓu, su zama wani ɗan siririn gilashi a bayan kowane tulu. Ba ya fita sumul, ya kan yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Shuɗin kuma daga wani ma'adini ne mai suna kobal. In kun ce don me kullum shuɗi, ba ja ba kore, amsa ita ce galibin launuka ƙonewa su ke yi a wannan wuta, kobal kuwa ko a jikinsa. Dabarar nan daga ƙasar Jamus ta zo, daga yankin kogin Rayin. Zuriyar Crolius da ta Remmey su suka kafa ta a Nuyok tun farkon ƙarni na 18, suka yi ta gadonta ɗa bayan uba fiye da shekara 100. Yumɓun kirki kuwa ba ko'ina a ke samunsa ba, mafi shahara na wajen South Amboy ne a jihar New Jersey, sai an yi dakonsa a jirgin ruwa. Da aka buɗe hanyar ruwan Erie a 1825, wadda aka haƙa da hannu ta haɗa kogin Hudson da manyan tafkuna, sai matoya suka tsiro a garuruwan da ke bakinta kamar naman kaza. A Bennington ta jihar Vermont kuma, gidan Norton, wanda Kyaftin John Norton ya kafa a 1793, ya yi suna da zanen barewa da tsuntsaye a jikin tulu.

Wanda ya san wannan, in ya sake duban hoton nan na farko zai iya karanta shi kamar wasiƙa. Lambar 2 galan biyu ke nan, abin da tulun ke ci. Ƙirar ƙwai ta nuna tsoho ne, gama daga tsakiyar ƙarni na 19 maginan sun koma yin masu miƙaƙƙen ciki, waɗanda suka fi sauƙin yi da jerawa a tanderu da a keken doki. Tsuntsun da aka yi da gaggawa ya nuna mai zanen na da ɗari a gabansa kafin rana ta faɗi. Tabon wuta ya nuna wajen da tulun ya zauna a tanderu.

To, yaya a ke sa fentin ruwa ya zama yumɓu? Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ba a yarda da kimar ido ba. Sai mai zane ya auna tulun ta kowace fuska, ya fitar da surarsa da fensir bisa awo, ya gwada launuka a wata takarda dabam har su dace da na jikin tulu, tukuna ya fara. Fentin ruwa kuwa abu ne mai wuyar sha'ani. Mai fentin mai in ya yi kuskure ya kan shafe da wani launi ya sake. Mai fentin ruwa ba shi da wannan dama, don launinsa garau ya ke, abin da ke ƙasa na lekowa ta cikin na sama. Sabo da haka daga mai haske a ke farawa. A shimfiɗa ruwan toka tsararo, a bari ya bushe, a ƙara wani, a ƙara wani, gefen da ke nesa da taga ya na ƙara duhu a hankali har cikin tulu ya kumburo daga takarda. Ɗan hasken nan da ke walƙiya a kafaɗa, wanda shi ke sa ku ce tulun na da santsi, sau da yawa farar takardar ce aka kewaye aka bari tun daga farko. Ƙurjin ɓawon lemo kuwa da bakin ɗan siririn buroshi a ke ɗiga shi, ɗigo bayan ɗigo. Ku tuna tsuntsun nan magini ya yi shi cikin ƙiftawar ido, hannu sake. Mai fentin ruwa dole ya kwaikwayi wannan gaggawa a hankali, ya bi inda shuɗin ya yi kauri da inda buroshin magini ya fara bushewa, ba shi da ikon ya gyara wa tsuntsu jela ko da ya ga ta karkace. A ganina nan ne gwanintar ta ke, domin ba ƙaramin haƙuri ba ne gwani ya danne hannunsa ya bi hannun wani.

Wannan tsanani na da asali mai ban mamaki. A Bostan akwai wata mai zane, Suzanne Chapman, ma'aikaciyar gidan ajiye kayan tarihi na birnin, wadda ta koyi hanyar masu kwaikwayon zanen kaburburan Fir'aunonin Masar, musamman Joseph Lindon Smith, wanda ya shafe shekaru ya na wannan aiki a bakin Nilu. Masu binciken Masar ba su son ƙawa, so su ke a ba su abin da ke bango daidai wa daida. Chapman ta koya wa ma'aikatan fihirisa wannan hanya, daga Bostan ta bazu zuwa waɗansu jihohi. Ashe ke nan ladabin da aka yi wa kabarin Fir'auna shi aka juyo aka yi wa tulun ruwan tsami. Zanen da bai kai ba kuwa, shugabannin aiki kan mayar wa mai shi ya sake. Galibin mutanen nan da can zanen talla su ke yi, ko na littattafai da jaridu, ba sanannu ba ne. A ƙasan hotunan tuluna na Nuyok za ku yi ta cin karo da sunaye irin su Yolande Delasser da John Tarantino da Charles Caseau.

Na san wani mai wayo cikinku zai ce, ina amfanin wannan wahala duka, ba ga na'urar ɗaukar hoto ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an yi ta tun a lokacin. Sun ɗauki hotuna da na'ura, da yawa ma. Amma hoto mai launi sabon abu ne a 1935, ga tsada, ga shi launinsa kan koɗe. Baƙi da fari kuwa ba zai gaya muku shuɗi ne ko kore ba. Ban da haka, na'ura ba ta zaɓe. Walƙiyar fitila kan rufe rubutun da ke kafaɗar tulu, inuwa ta haɗiye gindinsa. Mai zane ya na iya matsawa kusa, ya juya tulun, ya shafa, ya gane abin da ya ke gani, sa'an nan ya fito da hatimi da ado da tsaga duka a sarari cikin hoto guda. Kada kuma mu manta da dalilin farko. An buɗe aikin ne don masu zane su ci abinci, kuma abin da mai na'ura zai gama kafin azahar ya kan riƙe mai buroshi har mako ya zagayo.

Duk da haka akwai abin da farar takardar nan ta ɓoye, ni kuwa ya kan dame ni. Tulu ba a yi shi don ya tsaya shi kaɗai a sarari ba. Ya zauna cikin duhun ɗakin ajiya tare da 'yan'uwansa, an toshe bakinsa da tsumma, yarinya ta ɗauke shi da ƙyar ta kai wa uwarta. Duk wannan an share. An bar mana ƙira da ado kurum, don abin da masu aikin ke nema ke nan: su ba masu zanen zamani abin koyi, su kuma nuna wa Turai cewa magabatansu sun san kyan sura tun ba a koya musu ba. Sun ci nasara, amma tulun ya fito kamar baƙo a gidan biki, an yi masa wanka an hana shi magana.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba. Tun farko an ce ba za a sa kayan Indiyawan Amurka ba, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, wai don masu binciken al'adu na kula da su, ko da ya ke maginansu na kudu maso yamma na cikin gwanayen duniya. Jihohin Kudu kuma, inda aka yi bauta, aikin bai yi ƙarfi a yawancinsu ba. A can ne, a gundumar Edgefield ta Karolina ta Kudu, wani bawa mai suna Dave, wanda bayan samun 'yanci ya zama David Drake, ya riƙa gina randuna manya-manya, wata na cin galan 40. Ya kan sa sunansa da kwanan wata a jikinsu, wani lokaci har da baiti biyu na waƙa da ya tsara da kansa, a zamanin da dokar jihar ta hana a koya wa bawa rubutu. Sai bayan an rufe fihirisa da shekaru masu yawa duniya ta san darajarsa.

Labarin Thomas Commeraw ya fi wannan ban mamaki, ya kuma taɓo yankinmu na Afirka ta Yamma. Magini ne a Nuyok, a wata unguwa ta bakin ruwa mai suna Corlears Hook, daga wajen 1797 zuwa 1819. Ya na gina tuluna masu gishiri irin waɗanda muka bayyana, ya na buga sunansa da manyan baƙaƙe, da wani ado nasa mai kama da jinjirin wata an cika shi da shuɗi. Masu tara tsofaffin kaya sun san sunan sarai tun zamanin da a ke zanen fihirisa, sai dai kowa ya ɗauka Bature ne. Sai a farkon ƙarnin nan na 21 wani mai bincike, Brandt Zipp, ya duba takardun ƙidayar jama'a ya tarar baƙin mutum ne, 'yantacce, mai matoyar kansa. Da kasuwa ta juya masa baya ya rasa gidansa, sai ya ɗauki iyalinsa a 1820 suka shiga jirgin ruwa mai suna Elizabeth tare da wani ayari na baƙaƙen Amurka da aka kawo su zauna a gaɓar Afirka. Suka sauka a tsibirin Sherbro na Saliyo. Zazzaɓi ya yi musu ɓarna, matarsa na cikin waɗanda suka rasu. Ya koma Amurka a 1822, bai daɗe ba shi ma ya cika. A 2023 aka yi nunin tulunansa a Nuyok da sunansa da tarihinsa. Hatimin na nan a jikin yumɓu shekara 200, kowa na karantawa, amma hatimi ba ya faɗin launin hannun da ya buga shi.

Su tulunan me ya kashe kasuwarsu? A 1858 John Mason ya fito da kwalbar gilashi mai murfin murɗawa, wadda mace ke ganin abin da ta ajiye ba sai ta buɗe ba. Abincin gwangwani ya biyo baya, sa'an nan akwatin ƙanƙara da firiji. Dokar hana giya ta 1920 ta ƙarasa da yawa cikin masu ginin tulu da suka rage. Kun dai ga abin da roba da tukunyar alminiyam suka yi wa tulu da tukunyar ƙasa a kasuwanninmu, ba sai na yi dogon bayani ba. Sa'ad da masu fentin ruwa suka iso, sana'ar ta riga ta zama labari a yawancin wurare.

Fihirisar ita ma ba ta yi tsawon rai ba. A 1939 Majalisa ta rage kuɗi, ta ce jihohi su ɗauki wani kashi na nauyin, ta kuma sa dokar sallamar duk wanda ya yi wata 18 a aikin, aka rasa ƙwararru da dama. A watan Disamba na 1941 Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, a 1942 aka rufe. Babban burin masu aikin shi ne a buga zanen nan cikin launi, kundi-kundi, a raba wa makarantu da ɗakunan karatu. An nuna su a gidajen tarihi da manyan kantuna tun aikin na tafiya, amma bugun nan bai samu ba sai ɗan kaɗan. Aka ajiye takardun a gidan tarihi na Metropolitan a Nuyok, a 1943 aka miƙa su Washinton. A 1950 Erwin Christensen, mai lura da su, ya fitar da littafi mai ɗauke da 'yan ɗaruruwa daga ciki. A 2002 aka yi babban nuni inda aka nemo waɗansu kayan na ainihi aka ajiye kowanne kusa da hotonsa, mutane su na duban wannan su na duban wancan. Ba duka aka iya samowa ba, gama cikin shekarun da suka shige waɗansu sun fashe, waɗansu sun ɓace a hannun magada, sai hoton ya rage. Fentin ruwa ba ya son haske, shi ya sa takardun ke kwance cikin akwati yawancin lokaci, amma gidan ya ɗauki hotunansu ya sa a intanet, inda ɗan makaranta na Zariya ko na Damagaram zai iya buɗe tulu guda ya faɗaɗa shi har ya ƙirga ɗigon buroshin da ke kafaɗarsa.